Rinin zaren ulu da garin lemu da alewa

 

Hirarmu ta yau bisa rini take. Kowa ya san rinin baba, wanda marina ke yi cikin karohi tun kaka da kakanni. Yau za mu yi magana bisa wani rini na daban, wanda mace ke iya yi cikin gidanta da tukunya guda. Abin rinin shi ne garin lemu, wannan gari mai launi da ake saidawa cikin ƴan ƙunshi, a zuba ma ruwa a sha. Ana kuma yin shi da alewa mai launi. Amma rinin ga ba kowane zare shike kamawa ba. Wanda bai san haka ba, sai shi ɓata kuɗinshi, shi ɓata zarenshi. Don haka ku kasa kunne da kyau.

Inda abin ya hito

Dabarar ga a ƙasar Amurka ta yaɗu. Cikin shekara ta 1927, wani mutum mai suna Edwin Perkins, a garin Hastings na jihar Nebraska, ya hito da garin lemu da ake kira Kool-Aid. Da hwarko lemun ruwa shike saidawa cikin kwalabe. Kwalabe suna da nauyi, kuma suna hwashewa bisa hanya. Sai ya raba lemun da ruwanshi, ya bar gari, ya zuba cikin ƴan ƙunshin takarda. Ƙunshi guda shina yin wajen lita 2 na abin sha. Ba a sa mishi sukari ba, mai sha ne ke ƙara sukari da kanshi.

Da garin ya shiga gidaje, mutane sunka lura da wani abu. In lemun ya zuba bisa rigar ulu, tabon ba shi hita ko an wanke. Mata masu saƙa sunka ce: tun da shina yin tabo, to, shina yin rini. Sai sunka shiga rina zarensu da shi. Har yara a can suna rina gashin kansu da shi don wasa. Daga baya anka gwada da alewa, irin Skittles, wadda anka soma yi a Ingila. Ita ƴar ƙwaya ce ƙarama, cikinta hwari, bayanta da ɓawo mai launi.

Mi ke cikin ƙunshin?

Abu ukku ne manya: ƙanshi, tsami da launi. Ƙanshi ba shi da aiki wajen rini. Tsami da launi su ne muke so.

Tsamin irin na lemun tsami ne. Launin kuwa ba daga ƴaƴan itace anka tatso shi ba. A masana'anta ake haɗa shi. Irin wanga launi na masana'anta ya samo asali cikin 1856 a Landan. Wani saurayi ɗan shekara 18, William Perkin, shina neman hanyar haɗa kinin, maganin masassarar cizon sauro. Bai samu kinin ba, amma ya samu launi shunayya mai kama alharini. Daga nan masana'antu sunka yi ta haɗa launi iri-iri. Waɗansu na tuhwahi ne kawai. Ƴan kaɗan daga cikinsu hukumomin lahiya sunka yarda a sa cikin abinci.

Wanda ya iya karatu shina iya sanin launin da ke cikin ƙunshi tun kahin shi saya. Ku juya bayan ƙunshin. Ku nemi kalmar colorant, wato mai ba da launi. Kusa da ita za ku ga baƙin E da lamba. E102 rawaya ne, ruwan ɗorawa. E110 ruwan goro ne. E122, E124 da E129 duka ja ne. E133 shuɗi ne. In kunka ga E330, ko acide citrique, wannan shi ne tsamin. Ƙunshin da ya hito daga Amurka da waɗansu sunaye shike zuwa: Red 40 shi ne E129, Yellow 5 shi ne E102, Blue 1 shi ne E133.

Don mi shike kama ulu?

Ku dubi lalle. In mace ta yi ƙunshi, lalle shina kama hwatar hannu, shina kama ƙumba, shina kama gashi. Dalili, hwata da ƙumba da gashi duk asalinsu guda ne. Ulu kuwa gashin tunkiya ne. Jikin dabba ne ya hiddo shi.

Yanzu ku dubi pil ɗin rediyonku. Kai guda shina da alamar +, ɗaya kan shina da alamar −. Abin da ke da + da abin da ke da − suna jan juna. Launin garin lemu, in ya narke cikin ruwa, alamar − shike ɗauke da ita. Gashin tunkiya kuma, in ya sha ruwa mai tsami, sai shi ɗauki alamar +. Sai su ja juna, su manne. Aikin tsami ke nan.

Saura aikin zahi. Ruwan zahi shina sa silin gashi shi kumbura, shi buɗe. Sai launi shi samu hanya shi shige can ciki. In zaren ya huce, launin ya zauna. Ke nan abu biyu rinin ga ke bukata: tsami da zahi. In babu guda cikinsu, launi kaɗan ne zai zauna, sauran shi bi ruwan wanki.

Auduga, wato kaɗa, tsiro ce. Ko ta sha tsami ba ta ɗaukar alamar +. Don haka launin ba shi samun wurin riƙewa. Za ku ga zaren ya yi ja cikin tukunya, amma wanki guda ko biyu, sai shi koma kusan yadda shike. Shi ya sa marina ke rina auduga da baba. Hanyar baba daban ce: shina shiga zare cikin ruwan toka, in an hiddo zane iska ta buge shi, sai shi koma shuɗi shi maƙale ciki.

Ku san zarenku kahin ku sayi gari

Nan ne mutane ke yin hasara. A kasuwa, kowane zaren saƙar hula da rigar jariri ana ce mishi ulu. Amma mahi yawanshi ba gashin tunkiya ba ne. Zaren roba ne, wanda ake kira akirilik. Garin lemu ba shi kama akirilik ko kaɗan. Ko kun zuba ƙunshi 20, banza ne.

Zaren da ke karɓar wanga rini su ne: ulun gashin tunkiya na gaske, gashin raƙumi, gashin akuya mai laushi, alharini, da zaren tsamiya da ake aikin riga da shi. Cikin zaren masana'anta, nailan kaɗai ke kamawa.

Tumakinmu na nan, irin su uda da balami, gashinsu gajere ne, ba a kaɗa shi. Amma akwai tumakin ulu a bakin kogin Kwara, cikin jihar Tilaberi, waɗanda ake kira Kundum. Akwai kuma tumakin Masina a ƙasar Mali, waɗanda masaƙan Hilani ke saƙa barguna da gashinsu. Wata hanyar samun ulu ita ce kasuwar gwanjo. Tsohuwar rigar sanyi hwara, in ta ulu ce, ana iya warware ta, a wanke zaren, a rina, a sake saƙa wani abu.

Yaya ake gane zare? Hanya biyu. Ta hwarko, ku karanta takardar da ke jikinshi. In an rubuta laine, ulu ne. In an rubuta acrylique, roba ne. In an rubuta coton, auduga ce. Wani zaren haɗi ne, rabi ulu rabi roba. Shi launinshi zai hito da haske, don rabin ne kawai zai kama.

Hanya ta biyu, ku gwada da wuta. Ku yanki guntun zare kamar tsawon yatsa. Ku riƙe shi da tsinke ko almakashi, kada ku riƙe da hannu. Ku kai shi bakin ashana, da ruwa kusa da ku. Ulu shina warin ƙonannen gashi, kamar in ana babbakar kan rago. Wutar tana mutuwa da kanta, kuma baƙin da ya rage shina murmushewa in an murza. Auduga tana ci da wuta maza-maza, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Akirilik shina narkewa, shi ɗiga kamar leda, shi bar baƙin dunƙule mai tauri. Ku yi hankali da shi, ɗigonshi shina ƙona hannu.

Kayan aiki da awo

Ga abin da ake bukata: zare hwari ko mai haske, garin lemu, tukunya wadda ba ta tsatsa, ruwa mai tsabta, da muciya ko cokali babba. Tsatsa tana dusashe launi. Baƙin zare kuwa ba shi rinuwa, don launin ga ba shi ruhe wani launi. Ƙaruwa shike yi bisa wanda ya tarar. In kunka sa shuɗi bisa zare rawaya, tsanwa za ku samu.

Wajen awo, masu saƙa a Amurka suna sa ƙunshi 1 marar sukari ga zare gram 30. Wanda ke son launi mai ƙarhi sai shi sa 2. Garin da ake samu a kasuwanninmu kampani-kampani ne. Wani launinshi da yawa, wani kaɗan, wani kuma an haɗa shi da sukari. Don haka ku soma gwadawa da ɗan zare kaɗan.

Ku riƙe wanga: yawan ruwa ba shi ne ke sa launi shi yi ƙarhi ko shi yi haske ba. Yawan gari da nauyin zare su ne ke magana. Ruwa dai shi isa shi ruhe zaren, shi samu wurin motsi.

Yadda ake yi

Na 1. Ku warware zaren daga dunƙulenshi. Ku naɗa shi bisa bayan kujera, ko bisa hannuwan wani, shi zama kamar babban zobe. Ku ɗaure shi wuri 4 da guntun zare, sako-sako. In ɗaurin ya yi tsauri, wurin zai zauna hwari.

Na 2. Ku jiƙa shi cikin ruwa mai ɗumi minti 30. Busasshen ulu ba shi shan ruwa da sauri. In bai jiƙa ba, rinin zai hito dabbare-dabbare.

Na 3. Ku narka garin cikin tukunya da ruwa mai ɗumi. Ku motsa har kada gudaji su rage.

Na 4. Ku matse zaren a hankali, ku sa shi cikin tukunya. Ku danna shi da muciya shi nutse.

Na 5. Ku aza bisa wuta kaɗan. Ruwa shi yi zahi ƙwarai, amma kada shi tahwasa. Masu ma'auni suna tsayawa wajen digiri 80 zuwa 85. Wanda ba shi da ma'auni shi dubi tukunya. In tururi shina tashi, ƴan ƙananan kumhwa suna hitowa daga ƙasa, to, ya isa. Ku rage wuta. Ku bar shi haka minti 20 zuwa 30. Ku juya shi sau ɗaya ko sau biyu, a hankali.

Na 6. Ku ɗebi ruwan da cokali ku duba. In rini ya kama, ruwan zai koma garau, ko shi yi hwari-hwari kamar ruwan tsari. Launin duk ya bar ruwa ya shiga zare. Wannan ita ce alamar an gama. In an daɗe ruwan bai washe ba, ku ƙara tsami cokali guda, ku ƙara jira. In duk da haka bai washe ba, ko garin ya yi ma zaren yawa, ko zaren ba ulu ba ne.

Na 7. Ku sauke tukunya. Ku bar zaren ciki har ruwan shi huce da kanshi.

Na 8. Ku ɗauraye da ruwan da ɗuminshi ya yi daidai da na zaren. In garin mai sukari ne, ku ɗauraye sau ukku ko huɗu, don kada zaren shi yi danƙo, kiyashi su bi shi. Ku shanya a inuwa.

Abin da ke ɓata ulu

Silin ulu shina da ƙananan ɓawo a jikinshi, kamar na kihi, amma ido ba shi ganinsu. In ulu ya haɗu da zahi da murza, ɓawon suna sarƙewa da juna. Sai zaren shi cure wuri guda, shi ƙanƙance, shi yi tauri. In ya cure haka, babu gyara. Don haka kada ku bari shi tahwasa. Kada ku tuƙa shi kamar tuwo. Kada ku hidda shi daga ruwan zahi ku tsoma cikin ruwan randa mai sanyi. Kada ku murɗe shi kamar ana matse zane.

In da alewa za a yi

Launin alewa a ɓawonta kawai shike. Ku hwara ware ta: ja wuri guda, rawaya wuri guda, tsanwa wuri guda. In kunka haɗa su duka, ruwan ƙasa za ku samu. Ku zuba kowace cikin ruwa mai ɗumi. Minti kaɗan launin zai saki. Da kun ga ƙwayoyin sun yi hwari, ku tsame su, kada su narke su cika ruwan da sukari.

Wanga ruwa ba shi da tsamin da ya isa. Dole ku ƙara. Ku sa binegar, wanda ake zuba ma salati, cokali babba 3 ko 4 ga lita guda. In babu binegar, ruwan lemun tsami da anka tace shina yi. Daga nan sai ku bi hanyar da munka hwaɗi. Ku sani launin alewa kaɗan ne. Ana bukatar alewa da yawa, kuma zaren zai hito da haske. Wajen kuɗi, garin lemu ya hi sauƙi.

Kula da abin da anka rina

Tsami ne ya ɗaura launin. Abin da ke kashe tsami shi ke kwance shi. Kowace mace ta san in miya ta yi tsami, kanwa ake sawa. To, kanwa da ruwan toka da sabulun gari mai ƙarhi suna sa launin ga shi zuba, kuma suna cin ulun kanshi. Ruwan jabel ya hi su ɓarna, don narkar da ulu shike yi. Ku wanke da ruwan sanyi da sabulu mai laushi kaɗan. Ku ɗiga ɗan binegar cikin ruwan ɗauraya na ƙarshe.

Rana ma tana cin wanga launi. Bai kai baba jure rana ba. Ya dace da hular jariri, da takalmin saƙa, da zaren ado. Bai dace da abin da zai wuni cikin rana kullum ba.

Gargaɗi

Dalilin da ya sa mutane ke son rinin ga shi ne launin na abinci ne. Ana iya yin shi cikin gida, yara suna kallo, babba dai shi ne mai kula da wuta. Amma kada a ruɗe. Garin rini da marina ke saye don shadda da atamhwa, tare da soda da sauran magungunanshi, ba na abinci ba ne. Guba ne. Kada a dahwa shi cikin tukunyar abinci. Kada a sa shi cikin lemu, ko ƙanƙara, ko alewar saidawa don ta yi kyan gani. Launi ja guda biyu suna iya kama da juna a ido, guda na sha, guda na kisa. Abin da ba shi da takarda mai nuna sunanshi, kada shi shiga baki.

Kuma ku tuna launi ba abinci ba ne. Ba shi ƙara jini, ba shi gina jiki. Jan lemu ba shi maye ma yaro madadin nono, ko lemun itace, ko mangwaro.

Akwai wani labari da ya shahi wanga rini. Cikin watan Yuni na 2025, kampanin Kraft Heinz, mai yin Kool-Aid, ya sanar za shi hidda launukan masana'anta daga kayanshi na Amurka kahin ƙarshen 2027. Launin da ake tatsowa daga tsiro ba kowane ne ke kama ulu ta wagga hanya ba. Kun san ruwan zoɓo: shina ba da ja mai kyau, amma ba shi daɗewa a zare, kuma in ya taɓa kanwa sai shi sake kama. Don haka sunan da ke gaban ƙunshi bai isa ba. Ku juya baya, ku karanta lambobin.

Mu taƙaita

Launin garin lemu da na alewa rini ne na gaske. Shina kama ulu, alharini da nailan. Ba shi kama auduga, ba shi kama akirilik. Shina son tsami da zahi. Ba shi son kanwa, ba shi son tahwasa. Ku gwada zare da wuta kahin ku sayi gari. Ku gwada gari da ɗan zare kahin ku rina duka.

Tambayoyi don mahawara

1. Don mi garin lemu ke kama ulu, ba shi kama auduga?
2. In anka ƙona zare ya narke ya ɗiga, wane irin zare ne?
3. Wace alama ke nuna rini ya kama?
4. In ƙunshi 1 shina rina gram 30, ƙunshi nawa za a saya don gram 120?
5. In ƙunshi guda dala 10 ne, nawa za a biya duka?

Wanda ke da ƙunshin garin lemu a gida, shi zo da shi wurin karatu. Ku juya bayanshi, ku nemi baƙin E tare, ku rubuta lambobin bisa allo, kowa shi hwaɗi launin da ke ciki.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lahiya.